Wanda ya fara taka mana gida ran 1 ga Muharram, shi ne ya ɓata mana shekara?

Uwar tagwaye, Gadarif:

Assalamu alaikum jama'a. Saura 'yan kwanaki mu shiga 1447, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun bara.

Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, Hajiya. Shekarata tara a gidan, kuma duk ranar 1 ga Muharram ba a barin kowa ya shigo da safe sai wani ɗan maƙwabta ya fara shigowa. Da yaro ne, yanzu har gemu ya ajiye. Hajiya ta ce ƙafarsa koriya ce, kura'u khadra kamar yadda Larabawan nan Sudan suke faɗa, domin shekarar da ya fara shigowa ita ce riɗin marigayi mijinta ya yi kyau har aka yi wa gidan rufin kwano. Zai yi sallama, ya sako ƙafar dama, ta ba shi dabino bakwai da shayi da madara, sannan a saki ƙofa. Shi kansa maigidan in ya dawo sallar asuba a waje yake tsayawa yana lazimi har yaron ya iso.

Bara aka samu akasi. Akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga Wad Madani lokacin da yaƙi ya ci garin a Disambar 2023. Mijinta ya rasu, tana ɗaki ɗaya a gidan da ke jikin namu da 'ya'ya huɗu. Ranar an kwana ana yayyafi, gawayinta ya jiƙe, ta ƙwanƙwasa tana neman garwashi. Ni kuma ina madafa, na manta shaf ko wace rana ce, na zare sakata. Ta miƙo murfin kwano, na zuba mata wuta, ta yi godiya ta fita. Ina juyowa sai ga Hajiya tsaye bakin ɗakinta da carbi a hannu. Ko uffan ba ta ce ba.

Shekarar kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Ruwa ya doki riɗinmu bayan an yanke an jingine shi yana bushewa, akuyarmu ta mutu da ciki, Hassan ya yi sati biyu a asibiti. Duk abin da ya faru sai Hajiya ta ce, "Ai mun ga wadda ta buɗe mana shekara." Maganar ta fita ta katanga, matar ta ji. Yanzu ko gishiri ne ya yanke mata, gwamma ta aiki yaro can ƙarshen layi.

Tambayata biyu. Wannan abu namu ne na Hausa, ko a nan muka tsince shi? Don mahaifiyata ba ta yi. Sannan ya zan yi da Hajiya, tunda suruka ba a zaunar da ita a yi mata wa'azi?

Mai agashe (tsiren Sudan), ɗan Maiurno:

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ni a gidanmu abin da na tashi na gani a wannan wata shi ne cika-ciki. Kakata takan ɓoye jelar ragon layya da ɗan busasshen nama, ran Ashura a yi tuwo kowa ya ci har ya ture, wai wanda bai ƙoshi ranar ba ba zai ƙoshi ba har shekara. Tsaron ƙofa ran ɗaya ga wata ban gan shi a wurinta ba.

Amma maganar ƙafa kam ba Larabawa suka koya mana ba, da kayanmu muka zo. Mu ne masu cewa wance tana da goshi, wance farar ƙafa ce, wane ƙashin arziki gare shi. Mu ne za mu fita da safe mu yi kiciɓis da mai ido ɗaya mu koma gida mu sake fitowa. Muka zo nan muka tarar su ma suna da kura' khadra da kura' harra, wato ƙafa mai zafi, sai tukunya ta samu murfi. Ina jin Hajiya haɗa biyun ta yi ta ɗora a kan sabuwar shekara.

Kuma kada in yi ta zuba kamar ni na tsira. Har yau in na hura wuta da yamma, mutumin farko ba na ba shi bashi. Istiftah ne, wato buɗe ciniki, sai ya biya a hannu ko da tsinke ɗaya ne. Na san ba shi ke kawo ciniki ba, amma hannuna ba ya miƙuwa.

Abin da ya taɓa ni shi ne matar. Mu jikokin waɗanda suka baro gida bayan yaƙin Burmi a 1903 ne, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin Shuɗin Nilu. Da ƙafa suka zo, kuma na tabbata sun roƙi garwashi a ƙofofi da yawa kafin su kafa murhunsu.

Ɗan Kasala a Glasgo:

Yaya, kin sa na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don Hajiya tana da 'yan'uwa a nan Sikotlan. Daren 31 ga Disamba suna kiransa Hogmane, kuma wanda ya fara tsallako dokin ƙofa bayan sha biyun dare suna ce masa ƙafar farko da harshensu. Wanda ake so shi ne namiji dogo mai baƙin gashi. Mai gashi ruwan zinariya ba a maraba da shi, wasu suna cewa tun zamanin da 'yan Bikin, masu zuwa ta teku daga arewa, suke kawo musu hari ne. Kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Zai riƙo dunƙulen kwal don gida ya yi ɗumi, da biskit ɗinsu na man shanu ko burodi, da gishiri, da kwabo, da kwalbar wiski.

Shekarata ta farko a nan wata tsohuwa maƙwabciyata ta gan ni dogo kuma baƙi wuluk, ta roƙe ni in tsaya a waje cikin sanyin nan har agogo ya buga. Ita ta ba ni kwal ɗin ma. Na ce kwalbar kam ba zan ɗauka ba, ta ce gishiri ya wadatar. Ni da a gida ba wanda ya taɓa cewa ina da goshi!

A Girka ma suna yi, da ƙafar dama ake shiga, a fasa rumman a bakin ƙofa. A Biyetnam tun kafin sabuwar shekararsu suke zaɓen mutumin, suna duba shekarar haihuwarsa. Abin da na lura shi ne a wurare da dama a nan, a da, in mace ce ta fara shigowa sai a ce an shiga uku. Ko ina aka je dai mace ce ke kwana a ciki.

Malamin allo, Kasala:

'Yata, sunan wannan abu a shari'a ɗiyara, daga kalmar tsuntsu. Larabawan jahiliyya in za su yi tafiya sukan kori tsuntsu, in ya yi dama su tafi, in ya yi hagu su fasa. Buhari da Muslim sun ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore ɗiyara, ya ce fa'ali yana burge shi, da aka tambaye shi mene ne fa'ali ya ce kyakkyawar kalma. A Suratul A'arafi aya ta 131 mutanen Fir'auna in alheri ya zo su ce namu ne, in masifa ta zo su ce shu'umcin Musa ne da waɗanda ke tare da shi. Sannan ita ƙidayar shekarun Hijira ma a zamanin Sayyidina Umar aka tsara ta, aka fara daga Muharram.

Ke dai kada ki fuskance ta. Ki gaya wa mijinki, shi kuma ya nemo wanda take jin kunyarsa, wanta ko limamin unguwa. Kuma a fara da haƙƙin marayu da maƙwabtaka kafin a kai ga kalmar shirka, tsofaffi in aka fara musu da ita toshe kunne suke yi.

Hajiyar Bur Sudan:

Ku dai yaran zamani komai camfi ne. Tsohuwa ta ba yaro dabino ta yi fatan alheri, ina laifi? Ba shi ne fa'alin da Malam ya faɗa ba?

Malamin allo, Kasala:

Hajiya, dabinon ba wanda ya yi magana a kansa. Mutuwar akuya da aka rataya a wuyan gwauruwa ita ce maganar.

Uwar tagwaye, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na dawo in ba ku labari. Maigidan ya kira kawunsa, suka zauna da Hajiya bayan la'asar, ni ina gasa bunnin jabana, wato 'ya'yan kofi, ina jiyo su sama-sama. Ta ce ita ba ta taɓa cewa matar mayya ce ba, ƙafa ce kawai, kuma ƙafa ba laifin mai ita ba ne. Kawu ya tambaye ta shekarar da marigayi ya rasu wa ya fara shigowa. Ta yi shiru, don yaron nan ne dai.

Ran 1 ga wata ƙofa ta kwana a rufe kamar kullum, maigidan ya yi laziminsa a waje. Amma ran cika-ciki Hajiya da hannunta ta zuba tuwo a babbar samira, ta ɗora nama, ta ce in kai wa marayu, in ce wa uwarsu ta riƙa shigowa. Na kai bakin ƙofa ta kira ni ta ce, "Ki ce mata da hantsi."