Mai kira ya ɓata sunan mutum kai tsaye a shirina, wa za a kama?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da aka ba ni shirin kiran waya na daren Laraba a wata tashar FM mai zaman kanta. Makon jiya muna maganar toshewar kwalbatoci, sai wani ya bugo ya kama sunan wani ɗan kasuwa na unguwarsu, ya ce shi ya sayar da filin makabarta ya cinye kuɗin. Kafin hannuna ya kai in katse layin, ya riga ya amayar da komai. Jiya takardar lauya ta iso ofis, har da sunana a ciki. Kullum a farkon shiri nakan ce ra'ayin masu kira nasu ne, ba na tashar ba. Wannan bai wanke ni ba?

Tsohon Furodusa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bai wanke ka ba ko kaɗan. Wancan bawan Allah da wayarsa mutum nawa zai faɗa wa? Ku ne kuka kai maganar kunnen dubban jama'a. Wajen NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1992, duk abin da ya fita daga tasha alhakin mai lasisi ne. Ka tuna Agustan 2020, lokacin da ta ci tashar rediyon Nigeria Info ta Legas tarar naira miliyan 5 kan hirar marigayi Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. Baƙo ne ya yi maganar, tasha aka bi.

Tambayata, ba ku da na'urar jinkirta sauti ne? Daƙiƙa kaɗan take riƙe muryar mai kira kafin ta fita, a ciki furodusa zai sare ta. Yawancin masu tashoshinmu gara su sayi sabon janareta da su saye ta, in magana ta ɓaci kuma yaron da ke kan makirfo ake turawa gaba. Yau ɗin nan ka kwafi rikodin shirin ka adana. Kada wanda ya taɓa goge shi.

Barista Umma:
Ƙaramin gyara, Baba. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Sai dai wannan ba zai taimaki ɗan'uwanmu ba, don mai ƙorafin ba NBC ya nufa ba. Ɓata suna hanya biyu gare shi: ƙarar neman diyya, wadda ake iya haɗa mai kira da mai gabatarwa da tashar gaba ɗaya, da kuma tuhumar laifi, tunda a dokar Penal Code ta Arewa sashe na 391 da 392 sun tanadi ɗauri har shekara biyu ko tara.

Abin da zan so in ji a rikodin shi ne abin da ka ce bayan layin ya yanke. Ka nesanta kanka nan take, ko ka yi dariya ka ce Allah ya kyauta? Kada ka amsa takardar da kanka, kada kuma ka nemi mutumin ta waya. Bar wa lauyan tasha.

Sabon Shiga:
Na saurara yanzu, Barista. "To fa, ga magana" na ce, sannan na ɗauki kira na gaba. Manaja ya ce lauya zai zo gobe da ƙarfe 10, kuma Laraba mai zuwa da janye maganar da neman afuwa zan buɗe shirin.