Kifi shida a tanki mai lita 100: bakteriyar filta za su mutu da yunwa?

Sabon Mai Kiwo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tankina na gilashi lita 100 ne, wata huɗu da kafawa, ƙananan kifin ado na gofi (guppy) shida kawai ke ciki, da filtar soso ɗaya da tsirrai kaɗan. Na auna ruwan: amoniya 0, naitirayit (NO2) 0, naitiret (NO3) ma kusan 0. Wannan na ƙarshen ne ya dame ni. Ko bakteriyar ba su samun abin ci ne saboda kifin ba su da yawa? In riƙa ƙara abinci don su? Ina kuma son ƙara kifi goma.

Gidan Kifi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara abinci. Bakteriyar da ke sarrafa amoniya suna yawaita ne daidai gwargwadon abin da suke samu. Kifi shida na fitar da amoniya kaɗan ta inda suke numfashi da kuma kashinsu, sai rukunin farko, irin su Nitrosomonas, su mayar da ita NO2, sannan Nitrospira su mayar da NO2 zuwa NO3. Tun da amoniya da NO2 suna 0, aikin na tafiya. Abincin da ka zuba fiye da kima ruɓewa zai yi a tsakuwa, ya janyo gansakuka, ya kuma rage iskar da ke cikin ruwan.

Inda haɗarin yake shi ne kifi goman nan. Filtarka ta saba da nauyin shida, ranar da ka zuba goma lokaci guda nauyin ya kusa ninkawa uku, su kuwa waɗannan bakteriya jinkirin haihuwa gare su, sukan ɗauki wajen yini guda kafin su ninka. A tsakanin nan ne amoniya ke tashi. Ka riƙa sa uku, ka jira mako biyu, kana auna amoniya da NO2 duk bayan kwana biyu. Idan ɗaya ya kai 0.25, ka canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan, ka tsallake ciyarwar ranar. Kuma gofi haihuwa suke yi ba ƙaƙƙautawa, in akwai mata a cikinsu ƙila ba sai ka sayi ko ɗaya ba.

Hajiyar Tsirrai:
Maganar NO3 ɗin, abu biyu ne. Tsirrai suna shan amoniya kai tsaye, suna kuma shan NO3, don haka a tankin da kifi ba su da yawa ba abin mamaki ba ne a ga sifili. Amma kafin ka yarda da sakamakon, sake awon. Idan kayan awon kamfanin API na ɗigo kake amfani da su, kwalba ta biyu ta NO3 tana da sinadarin da ke kwanciya a ƙasa. Sai an girgiza ta sosai na daƙiƙa 30, a ɗiga, a girgiza bututun minti ɗaya, a jira minti biyar. Wanda bai yi haka ba zai riƙa ganin ƙasa da abin da ke akwai. Ka auna ruwan da kake zubawa ma, don ruwan rijiya ko burtsatse da ke kusa da gona ko masai yakan zo da NO3 nasa.

Gidan Kifi:
Gaskiya ne, Hajiya. Bari in ƙara da abin da ya fi kashe bakteriya a irin wannan tanki, don yawansu kaɗan ne, ba su da rara.

Wankin soso ne kan gaba. A matse shi sau biyu ko uku a cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga tankin, sau ɗaya a wata ya isa. Ruwan famfo mai kulorin yana ƙona su. Kada a wanke soso a kuma tsotse tsakuwa gaba ɗaya a rana guda, kuma in za a sauya soso, a bar sabon ya yi aiki tare da tsohon wata ɗaya.

Sai ɗaukewar wuta. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke rayuwa. Filtar soso tana da sauƙi tun da a cikin ruwan take, famfon iska mai batir ya wadatar da ita. Filtar gwangwani da ke rufe ita ce matsala: in ta tsaya awanni da yawa iskar cikinta ta ƙare, a zubar da ruwan cikinta kafin a sake kunnawa, kada ta turo shi cikin tanki.

Malam Awo:
Akwai abin da ake mantawa da shi idan NO3 ba ya tashi: mutum sai ya daina canza ruwa. Sarrafa amoniya na cinye KH, wato abin da ke riƙe pH (ma'aunin tsamin ruwa, ƙaramar lamba na nufin tsami ya yi yawa). Idan KH ya ƙare pH ya faɗi ƙasa da 6, bakteriyar sukan kusa tsayawa, amoniya ta taru ba tare da kifi sun nuna alama ba, saboda a ruwa mai tsami ba ta da dafi sosai. Sai ranar da aka canza ruwa mai yawa pH ya hau, kifi su fara haki a sama. A zafin digiri 25, a pH 7 kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne na amoniyar ke da dafi, a pH 8 kuwa ya haura kashi biyar, kuma zafin bazara na ƙara shi.

Don haka ko da kifi shida ne, ka canza lita 20 duk mako biyu, da maganin cire kulorin in ruwan famfo ne. Ka tsare KH daga digiri 4 zuwa sama. In ya yi ƙasa, giram 3 na bekin soda a lita 100 na ɗaga shi da digiri ɗaya. A narkar a kofi, a zuba a hankali, digiri ɗaya a rana. Kada ka sa kanwa a madadinsa, tana ɗaga pH da ƙarfi kuma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule.

Sabon Mai Kiwo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na girgiza kwalbar yadda Hajiya ta ce, NO3 ya nuna 5. KH ɗin kuma 3 ne. Malam, in fara da bekin soda ko da canjin ruwa?

Malam Awo:
Auna KH na ruwan da kake zubawa tukuna. In ya haura 4, canjin ruwa kaɗai zai gyara.