Mazauna ƙasashen ƙanƙara, ana kuwa jin maganar 'yan asalin wurin?

Ɗalibi a Tromso: Salamu alaikum jama'a. Ina bincike kan yadda gwamnatoci ke damawa da 'yan asalin ƙuryar arewacin duniya, wato Sami da Inuit. Na littafi ya ishe ni, abin da idonku ya gani nake so. Mu a Norwe, Sami na da majalisarsu a Karasjok tun 1989, mai wakilai 39, kuma daga 2021 doka ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu kan abin da ya shafe su. Sai dai abokan karatuna Sami cewa suke, a tuntuɓe ka daban, a yi aiki da maganarka daban.

Baban Amira, Oslo: Wa alaikumus salam. Gaskiyarsu, ɗan'uwa. A Fabrairun 2023 hanyar aikina ta bi ta gaban ma'aikatar man fetur da makamashi, na ga matasan Sami zaune a ƙofa cikin tsananin sanyi, wasu sun juya rigarsu ta gargajiya bai-bai don nuna fushi. Tun Oktoban 2021 Kotun Ƙoli ta ce lasisin manyan fankokin lantarki 151 da aka kakkafa a yankin Fosen na tsakiyar Norwe bai halatta ba, don sun ci wurin kiwon barewar rendiya na hunturu. Kwana 500 suka wuce, fankoki na ta juyawa abinsu. Sai da 'yan sanda suka ciccibi yaran nan duniya na kallo, sannan gwamnati ta ba da haƙuri. Aka zo aka yi sulhu: fankoki suna nan, makiyaya suka samu diyya da alkawarin ƙarin wurin kiwo. Majalisar Karasjok ta daɗe tana magana, amma kotu da zaman dirshan ne suka motsa gwamnati.

Injiniya, Kiruna: Na Suwidin ya fi ɗaure kai. Majalisar Sami tana nan garinmu tun 1993, zaɓenta ake yi, amma kuma hukumar gwamnati ce. To wa za ta yi wa faɗa, mai biyanta albashi? Da kamfanin haƙar ma'adanai na gwamnati, LKAB, ya sanar da gano ma'adanai masu daraja a 2023, mu a ofis murna muke. Wani maƙwabcina makiyayi kuwa ya ce mini wurin yana kan 'yar siririyar hanyar da ta rage musu ta kai dabbobi tsakanin dutse da daji. Nan take na tuna burtalin da gonaki suka cinye a gida.

Hajiya, Ikaluwit: Ku yi haƙuri, na Kanada ba haka yake ba. Nunabut tun 1999 yanki ne mai gwamnatinsa, kuma Inuit su ne kusan kashi 85 cikin ɗari. Majalisar tana da kujeru 22, babu jam'iyya ko ɗaya, 'yan majalisa ne ke zaɓen firimiya da ministoci a tsakaninsu. Na taɓa shiga kallon zama, da Inuktitut ake ta muhawara, mu baƙi ne ke maƙale da na'urar tafinta a kunne. Abin ya burge ni ƙwarai. Kuma a 2022, bayan mafarauta sun ƙi, gwamnatin tarayya ta hana faɗaɗa mahaƙar ƙarfe ta Mary River. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin gwamnati: yarjejeniyar da Inuit suka ƙulla da gwamnatin Kanada a 1993 ta ce a ɗauki Inuit daidai yawansu, amma har yanzu wajen rabin ma'aikata ne kawai, manyan kujeru kuma galibi 'yan kudu ke kai.

Baban Amira, Oslo: Hajiya, ai ku rinjaye ya taimake ku. Sami tsiraru ne a kowace ƙasar da suke.

Malama, Robaniyemi: Nan Finlan rigimar ta daɗe a kan wa ma ya cancanci shiga rajistar zaɓen majalisar Sami da ke Inari mai wakilai 21. Kotu ta riƙa saka mutanen da majalisar ta ƙi, har kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2019 an tauye haƙƙin Sami. Sai a 2025 aka gyara dokar. A ɗakin malamai na ga abokan aiki biyu sun daina gaisawa kan wannan magana.

Ɗalibi a Tromso: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai wanda ke Girinlan a cikinmu kuwa? Su da ke da wakilai biyu a majalisar Denmak nake son ji.