Ina so in yi kiwon tururuwa a akwatin gilashi, ta ina zan fara?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah kar a yi min dariya. Akwai wani tsohon akwatin gilashi na kifi da na saya wajen 'yan gwangwan, tsawonsa kamar ƙafa 2, ya tsage ba ya riƙe ruwa. Yarona ya ga masu kiwon tururuwa a YouTube ya hana ni sakat, ni ma kuma abin ya shiga raina, ina so in yi shi kamar ɗan daji haka da ƙasa da ciyawa da guntun icce. Jiya na kwaso tururuwa a bayan gida na zuba, yau da safe rabi sun gudu sauran sun cure a lungu ɗaya ko rami ba su haƙa ba. Ina matsalar take?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam ai ma'aikata ka kwaso, babu sarauniya, kuma ita kaɗai ce mai zuba ƙwan da gidan zai ɗore, don haka waɗannan ka mai da su inda ka ɗebo su. Ka jira ruwan farko na nan Legas wajen Maris ko Afrilu, bayan an ɗauke ruwa masu fiffike suna fitowa su yi barbara a sama, sai macen ta sauko ta karya fiffikenta tana neman wurin ɓuya. Ita za ka kama, za ka ga ƙirjinta da kauri. Ka lura kar ka kamo shinge, shi gara ne. Ni shazumamu nake ba mutum shawara, manya ne ana ganinsu sosai. Kwarkwasa kuwa ko da wasa, ba sa zama wuri ɗaya kuma miliyoyi ne.

Kuma kar ka jefa sarauniyar cikin akwatin nan tukuna. Samo siririyar kwalbar gwajin jini, zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, tura auduga ta tare ruwan, sa sarauniyar ciki ka toshe bakin da wata audugar, ka ajiye a duhu ka daina leƙe. Ba ta buƙatar abinci, da jikinta take ciyar da 'ya'yan farko, wajen wata biyu za ka gansu. Sai sun kai kamar 30 sannan ka kwantar da kwalbar cikin akwatin ka buɗe su tashi da kansu.

Maman Hanif:
Hhhh Legas ba abin da mutum ba zai gani ba, mu muna fama da kiyashi a robar suga wani yana gina musu gida. Allah ya ba uwargida haƙuri.

Na Idi-Araba:
Abin da Baban Khalifa bai faɗa ba shi ne laimar garin nan, ita ta ɓata min nawa na farko, fumfuna ta cinye komai. Ka shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, sai gawayi, sai yashi haɗe da jar ƙasa don ramin kar ya rufta, kuma ka gasa ƙasar a tsohuwar tukunya ta huce kafin ka zuba. Gefe ɗaya kawai za ka riƙa jiƙawa. Murfi na raga mai ƙananan ido, bakin gilashin ta ciki ka shafa hodar jarirai da ka dama da sifirit, santsi zai hana su hawa. In kana son ganin ramukan manna baƙar takarda a jikin gilashin ta waje, in ba haka ba tsakiya za su shige ka zauna kana kallon ƙasa. Abinci ruwan suga a auduga da ɗan ƙwaro, fara ko gyare, abin da ya rage ka kwashe washegari. Kiyashin da Maman Hanif ke faɗa ma ba wasa ba ne, suna shiga su kashe ƙaramin gida, sa ƙafafun teburin da ka ɗora akwatin a kai cikin ruwa.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, na sake su ɗazu. Amma ɗakin muna fesa maganin sauro kusan kullum, in rufe akwatin da zani ya isa?

Na Idi-Araba:
Ina! Fitar da shi baranda inda rana ba ta dukansa, ko ku koma gidan sauro.