Gashin raƙumi da aka tsince da inji: 5102.19 ko 5105.39?

Assalamu alaikum. Kayana sun maƙale a tashar jiragen ruwa a Legas, kuɗin ajiya kuma kullum ƙaruwa yake.

Gashin raƙumi ne na sayo daga Chana don wata masaƙa a Kano. An wanke shi, an bi da shi ta inji an cire gashi mai kauri, saura mai laushin kaɗai. A dunƙule ya zo cikin dila, ba a ja shi ya zama igiya ba.

Mai kayan da ya sayar mini ya rubuta 5105.39 a takardunsa a matsayin lambar HS, wato lambar da kwastan ke rarraba kaya da ita. Ni kuma da shawarar ejan ɗina na buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya, da 5102.19. Da aka zo fitar da PAAR, wato rahoton tantance kaya na kwastan, sai lambobin suka saɓa, aiki ya tsaya.

Na karanta bayanin farko na Babi na 51 na kundin lambobin HS. Ya sa raƙumi cikin dabbobi masu gashi mai laushi, tare da alfaka da akuyar Kashmir, don haka nan babu gardama. Inda na cije shi ne sarrafawar: 5102 na gashin da ba a shiɓe ko taje ba ne, 5105 na wanda aka shiɓe ko aka taje. Mai kayan ya ce injin tsincewar yana da haƙora irin na injin shiɓa. Ni ban gamsu ba, tunda zaruruwan a cukurkuɗe suke, ba su jeru ba. Na tura hotuna, an ce ba su isa hujja ba.

Don Allah, tsince gashi mai kauri da inji ana lissafa shi a matsayin shiɓa, har kaya su koma 5105.39?