Haɗa jita da hannu a Katsina: wane katako, wane fenti, kuma yaya ake saiti?

Ɗan Marusa

Assalamu alaikum. Ina so in haɗa jita mai akwati, ta tsirkiyar ƙarfe, don sha'awa kawai. Kayan aikina na kafinta ne: zarto, filen, cizal, magagari da kilam, ba ni da injin feshi. Wane katako zai yi a cikin wanda ake samu wurin 'yan katako nan Katsina? An ce mani jita na tsagewa da hunturu, to me ke kawo haka? Sannan ina neman bayani kan fenti, da yadda ake saita tsirkiya ta yi laushin dannawa ba tare da ziza ba, wato ƙarar da take yi in tana gogar ƙarfe. Allah ya saka da alheri.

Baba Kafinta

Wa alaikumus salam. Yaro, ka fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta gaya maka lokacin da za ka taɓa gam.

Katako na shan laimar iska, yana kuma fitar da ita. A tsawo ba ya motsi sosai, a faɗi yake kumbura ya tsuke. A garin nan laimar iska kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari a watan Agusta, daga Janairu zuwa Maris kuma ta faɗo ƙasa da kashi 20. Fuskar jita, wato allon gaban akwatin, mai faɗin santimita 40 za ta iya canzawa da milimita 5 zuwa 7 tsakanin waɗannan lokuta biyu, in an bar ta sake. To amma ba sake take ba, ka manna mata tokara, wato 'yan sandunan ƙarfafawa, a gicciye ta ciki, ka kuma ɗaure ta da gefe. In da damina ka yi mannin, hunturu na zuwa sai ta nemi tsukewa ta rasa hanya, ta dare, galibi daga ƙasan jaki (katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska) zuwa gindi ko gefen allon wuya (inda ake danna tsirkiya). In kuma tsakiyar hunturu ka manna, da damina cikinta ya turo, tsirkiya ta yi sama. Wannan na biyun da sauƙi, don kumburi na saɓewa, tsaga kuwa sai gyara.

Kamfanonin jita suna aiki a laima kusan kashi 45. Mu nan gara a ɗan yi ƙasa, 35 zuwa 40, kuma kusan abin da ake samu ke nan daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba. Ka sayi ɗan agogon auna laima, amma kada ka yarda da shi sai ka gwada: zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe su tare a roba su kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka riƙa ƙara 5 a kan duk abin da ya faɗa maka.

Kada ka bar fuska a shafe. Ka sassaƙa ƙasan tokara da ɗan lanƙwasa, yadda tsakiyar fuska zai ɗaga da milimita 2.5 a kan gefenta, baya kuma kusan 4. Wannan tudun shi ne ke sauka da hunturu maimakon katako ya tsage.

Batun katako: maɗaci zai yi maka wuya, gefe da baya. Ɗan'uwansa na dazukan kudu shi ne mahoganin Afirka da kamfanoni ke amfani da shi, sai dai namu ya fi nauyi da tauri, kuma jijiyarsa a sarƙe take, filen na fizgar ta. In ka zo kusa da kaurin da kake so, ajiye filen ka koma kankara da faifan ƙarfe mai kaifi. Gefe milimita 2, baya 2.3 zuwa 2.5. Allon wuya da jaki kuwa maɗobiya ko ƙirya. Duk wanda za ka saya ka duba bakinsa, layukan su tsaya tsaye, ba kwance ba. Mai kwantattun layi motsinsa ya kusa ninka na ɗayan, ga kwantsarewa. Tsohon firam ɗin ƙofa ko ƙafar gado na maɗaci ya fi sabon katako nesa ba kusa ba. In sabo ne, shafe bakunansa da kakin kyandir, jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani, ka riƙa aunawa a sikeli duk mako har nauyi ya daina raguwa. Mai kaurin milimita 25 na iya cin shekara.

Fuska ma ka yi ta da maɗaci, kauri 2.3 zuwa 2.5. Kamfanin jita na Martin na da jerin jitoci masu lamba 15 da fuskarsu mahogani ce, ba wani abin kunya ba ne.

Mai Tsirkiya, Daura

Baba ya gama magana kan laima. A kan fuska ne kawai zan ɗan saɓa mashi, Allah ya huci zuciyarsa. Fuska ita ce ke tura iska, ana son ta da rashin nauyi da kuma ƙarfi a tsaye. Maɗacin arewa zai ba da sauti mai ɗan duhu, marar amo sosai. In da hali ka yi odar katakon sifurus (farin katako marar nauyi na ƙasashen sanyi) guda biyu da aka tsaga daga itace ɗaya, ka haɗa su a tsakiya, ka sauke zuwa milimita 2.7 ko 2.8. In babu, nemi farin katakon akwatunan da ake shigo da injina, ka zaɓi marar ƙulli mai matsattsun layi. Shi ma zai yi tokara: guda biyu manya da ke gicciye da juna, faɗi milimita 8, tsayi 15 a mahaɗa, kana fiƙe su zuwa baki. Ka manna ɗan siririn katako a kan mahaɗar, nan ne take tsagewa. Ƙarƙashin jaki ta ciki ka sa faranti na katako mai tauri, kauri 2.5, don kan tsirkiya kada ya cinye fuska. Ramin sauti milimita 100. Ka tuna tsirkiyoyi shida masu lambar kauri 12 zuwa 53 suna jan sama da kilo 70 dare da rana.

Lanƙwasa gefe: bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6 zuwa 8, a toshe baki ɗaya, a sa garwashi ko wutar gas a ciki. In ka ɗiga ruwa ya yi ta rawa a kai kafin ya ƙafe, zafi ya yi. Yayyafa wa katakon ruwa kaɗan, kana gogawa gaba da baya, ka bari sai ka ji ya saki da kansa. Tilasta shi ke kawo karaya a ƙugu, don haka ka tallafa bayansa da siririn faifan ƙarfe.

Wuya: kada ka yanke wuya da kan jita daga gungume ɗaya, jijiyar wurin takan zama gajera, faɗuwa ɗaya ya ɓalle. Yanka a karkace digiri 13 zuwa 15, juya guntun ka manna. Rodin wuya, wato ƙarfen da ake binnewa cikin wuya don daidaita lanƙwasarsa, mai aiki gaba da baya za ka saya, ka sayo shi kafin ka haƙa rami, yawancinsu faɗi 6 zurfi 9 ne amma ka auna naka. Haɗa wuya da jiki da kusoshi biyu masu zare, M6 (kauri milimita 6), ta ciki. Ya fi sauƙi, kuma in kwanar wuya ta kuskure sai ka kwance ka gyara.

Firet kuwa, wato 'yan ƙarafan da ake dasawa a gicciye kan allon wuya, lissafi ne, ba ido ba. Ɗauki tsawon tsirkiya milimita 645. Raba da 17.817, ka sami 36.20, wurin firet na 1 ke nan. Cire shi daga 645, sake raba saura, haka har ƙarshe. Daga ƙashin sama, wato ƙashin da tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya wajen kai: na 2 yana 70.37, na 5 yana 161.80, na 7 yana 214.51, na 12 yana 322.5, na 14 yana 357.69. Kullum ka auna daga ƙashin sama. In kana aunawa daga wannan firet zuwa na gaba, kuskure zai yi ta taruwa. Zarton ya yanka milimita 0.6. In ya fi haka firet zai riƙa ɗagowa, in bai kai ba kuma firet ɗin su tura wuya ya tanƙware baya.

Kada ka dasa ƙashin jaki, wanda tsirkiya ke hawa a kan jaki, daidai 645. Danna tsirkiya na ƙara mata ɗauri, sauti ya hau, saboda haka a ja baya: kusan milimita 2 wajen siririya, 4 zuwa 5 wajen mai kauri. Shi ya sa kake ganin ramin ƙashin jaki a karkace.

Ɗan Marusa

Na gode Baba, na gode Yaya. Gam fa? Akwai na takalmi da farin gam na kafinta. Kuma zan iya shafa mata mai kawai a madadin fenti?

Mai Fenti

Ƙanena, gam ɗin takalmi ka nisanta shi da jita. Ba ya sandarewa, roba yake zama, jan tsirkiya zai ɗaga jaki a hankali. In za ka samu gam ɗin katako mai suna Titebond mai jan murfi, shi ne zaɓi. Farin gam mai kyau zai yi, muddin katako biyun sun zauna da juna ba tare da haske na wucewa ba. Matsawa da kilam ba ta gyara mugun haɗi. Da zafin Afrilu gam na yin fata cikin 'yan mintoci, don haka ka gwada matsewa a bushe tukuna, komai na kusa, sannan ka shafa. Kada kuma a bar jita a cikin mota da rana, zafin na sassauta irin wannan gam.

Mai: man gyaɗa da man ja ba sa bushewa, danƙo za su yi su kama ƙura. Dafaffen man linsid, man ƙwayar wani tsiro da ake shafa wa katako, na bushewa, zai yi a wuya, amma ban so shi a fuska, yana shiga katako ya danne sauti. Tsumman da aka goge shi da shi a shanya a buɗe, in an dunƙule yana iya kama wuta da kansa.

Tunda ba ka da injin feshi, shelak ne naka, wani irin ƙaro da ake narkarwa a sifirit ya zama fenti. Gram 240 na ɓawonsa a lita ɗaya ta sifirit, ya kwana biyu yana narkewa, tace da kyalle, ka raba biyu ka tsinka rabi da sifirit daidai yawansa, da shi za ka yi yawancin aiki. Kafin nan samfefa mai lamba 120, 180, 220, kullum bin jijiya. Goga da ɗanyen tsumma, gashin katako ya tashi, ya bushe, ka bi da 320. Maɗaci na da 'yan ramuka a jiki, in ba a cike su ba fenti zai yi ta nitsewa. Shafa shelak ɗaya, sannan ka cuɗa garin katakon da shelak ka cusa a gicciye, ka kankare saura. Fuskar sifurus ba ta bukatar wannan.

Shafawa: dunƙulen auduga a cikin tsohuwar farar riga, a jiƙa ta ciki, a matse har in ka buga a takarda tabo kaɗan zai bari. Ɗigon man zaitun ɗaya a waje don santsi. Zagaye-zagaye, hannu ba ya tsayawa, tsayawa ɗaya sai kyallen ya manne ya bar shaida. Zama biyu a rana ya isa, na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi ya ƙara mako biyu kafin a goge. Aibin shelak shi ne gumi da turare na cin sa, amma gyaransa sake shafawa ne kawai.

In daga baya ka kai wa mai feshi ya sa naitiro, wani fenti da ake fesawa, gaya mashi siriri kake so, duka kada ya wuce milimita 0.15. Da damina naitiro kan yi fari kamar hazo saboda laimar da ta maƙale a ciki, da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a yi da sassafe. Sai ya yi mako 3 zuwa 4 kafin a bi shi da samfefar ruwa 800 har 2000.

Wurin da jaki zai zauna ka rufe shi da tef kafin fenti. Gam ba ya kama fenti.

Mai Tsirkiya, Daura

Saura saiti, kuma a jere ake yin sa, in ka tsallake ɗaya za ka maimaita duka.

Tun kafin fenti ka ɗora doguwar rula a kan firet, ka ajiye jaki a wurinsa ba gam, bakinta ya sauka daidai samansa. Jaki kauri 9, ƙashi ya leƙo da 3 zuwa 4. In rula ta faɗi ƙasa da saman jaki, kwanar wuya za ka gyara, ba ƙashi ba. Sannan shafa tawadar alƙalamin maka a kan dukkan firet, bi su da miƙaƙƙen katako mai samfefa 320 har tawadar ta goge ko'ina, ka sake zagaye kawunansu da magagari.

Ɗaura tsirkiya ka kai ta sauti. Danne ta a firet na 1 da na 14, duba tazara a kan na 7: milimita 0.15 zuwa 0.25. Reza ɗaya kusan 0.1 ce, biyu su shiga da ƙyar. In tazara ta yi yawa ɗaure rodi ta dama, kwatan juyi kawai, ka jira kafin ka ƙara. Rodi ba don sauke tsirkiya aka yi shi ba, mutane da yawa nan suke karya shi.

Sai ƙashin sama. Danne a firet na 3, tsirkiya ta kusa taɓa na 1, takarda ta wuce da ƙyar. Ramin ya gangara wajen kai, in ba haka ba tsirkiya za ta yi ziza ko ba a danna ba. Daga nan ka auna a firet na 12: mai kauri 2.3 zuwa 2.5, siririya 1.8 zuwa 2. Duk rabin milimita da kake son saukewa a nan, milimita ɗaya za ka cire daga gindin ƙashin jaki, kuma gindin ya zauna a shafe. Na ƙarshe, buɗe manhajar saita sauti a waya, kaɗa tsirkiya a sake, sannan danne a 12. In ta hau, mayar da tsinin ƙashi baya. In ta gaza, kawo shi gaba.

Baba Kafinta

Ƙashin nan ba sai an yi oda ba. Karɓi ƙwaurin saniya ko na raƙumi wurin mahauta, yanke kawunan, fitar da ɓargo, tafasa da omo kana canza ruwa, ya bushe a inuwa, sannan ka tsoma yankakkun a fetur na wasu kwanaki ya janye sauran kitse. In da kitse, zai fito ya ɓata katako.

Ka yi na jaki guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsayi da milimita ɗaya. Gajeren na damina ne, lokacin da fuska ta ɗaga, dogon na hunturu. Bakunan firet za su fito su riƙa yankar hannu wajen Fabrairu saboda allon wuya ya tsuke, a lokacin za ka goge su da magagari, sau ɗaya ya wadatar. Daga Disamba zuwa Afrilu jita ta riƙa kwana a jakarta, tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai, a cikin robar sabulu mai huji, kana sake jiƙa shi duk kwana biyu ko uku.