ChatGPT zai iya karanta sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta na cutar kansa?

Ƴar Tudun Wada:
Salam jama'a. Yayata ce ke da kansar mama, an tura jininta waje gwajin ƙwayoyin halitta, sakamako ya dawo shafi shafi duk Turancin likitoci, na ga an rubuta BRCA2 sai kuma VUS a gefe. Sai sati mai zuwa za mu koma asibitin Shika. Dan Allah in na saka wa ChatGPT zai faɗa min gaskiya?

Ɗan Samaru:
Allah ya ba ta lafiya. Zai fassara miki kalmomin, wannan ba laifi, amma ki rufe sunanta da lambar katinta kafin ki ɗora hoton.

Mai aikin lab:
Ƴar uwa, BRCA2 ƙwayar halitta ce da canji a cikinta kan iya jawo kansar mama, VUS kuma nufinsa an ga canji a ƙwayar amma har yanzu masana ba su tantance yana jawo ciwon ko ba ya jawowa ba, likita ma ba ya yanke hukuncin tiyata a kansa. Mu baƙar fata mun fi samun irin wannan sakamakon saboda yawancin bayanan da ake kwatantawa da su na Turawa ne, to na'urar ma a kansu ta koya. Akwai wata manhaja AlphaMissense da Google DeepMind suka fitar a 2023, tana hasashen wane canji ke da haɗari, amma hasashe ne fa. ChatGPT kuwa wlh wani lokacin shirga ƙarya yake ba ko ƙyafta ido.

Hajiyar Ƙofar Doka:
Ƴata ki rubuta tambayoyinki a takarda, ki gaya wa likitan in akwai wadda ta taɓa yi a danginku, ɓangaren uwa ko na uba.

Ƴar Tudun Wada:
Na gode Hajiya, ai gwaggonmu ta yi. Na uba ma yana shiga ashe?